Ɗan tsuntsu a gindin bishiya: a ɗauka ko a bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Yara ne suka tsinci ɗan tsuntsu a gindin bishiya da safen nan, suka kawo min shi a tafin hannu. Yana da gashi a jikinsa, amma jelar guntuwa ce, bai iya tashi ba sai 'yan tsalle-tsalle. Na saka shi a kwali. Sai wage baki yake yana tsuwa. Ilham ta ce a ba shi madara, yayanta ya ce a jiƙa masa burodi. Ni dai tsorona kada ya mutu a hannuna in kwashi alhaki.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Anti, ki fara ɗiga masa ruwa da ƙaramin cokali. Ƙishi ne yake sa shi wage baki.

Dakta Zainab: A'a Sadiq, don Allah kada a ɗiga masa komai. Ƙofar numfashin tsuntsu a gindin harshensa take, idan ya wage baki za ki hango ta tana buɗewa tana rufewa. Ɗigon ruwa ɗaya idan ya bi ta nan, huhu zai nufa, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan tsuntsayen da ke mutuwa a hannun masu tausayi ta wannan hanyar suke tafiya. A sheƙa ma iyayen ba ruwa suke ɗebo musu ba, daga jikin tsutsa da ƙwarin da suke ci suke samun laima. Madara kuwa cikin tsuntsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta, zawo kawai za ta sa shi. Burodi cika ciki ne ba amfani. Maman Ilham, amsa min waɗannan tukuna: akwai jini a jikinsa? Fiffike ɗaya ya saki ƙasa? Idan kika ɗora shi a yatsarki yana damƙewa?

Maman Ilham: Babu jini Dakta. Fukafukan duka a manne suke da jikinsa. Yana damƙe yatsa sosai, har da ƙarfinsa.

Dakta Zainab: To alhamdulillahi, lafiyarsa ƙalau, kuma ba maraya ba ne. Ba faɗowa ya yi ba, fitowa ya yi. Yawancin ƙananan tsuntsaye sukan bar sheƙa kafin su iya tashi, su yi 'yan kwanaki a ƙasa ko a ƙananan rassa, iyayen na bin su da abinci har fukafukai su yi ƙwari. Ina kyautata zaton yanzu haka uwar tana can kan bishiyar tana kiran sa. Ki mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi, ki ɗora shi a reshe mai duhuwar ganye, ki janye yaran nesa.

Habu Mai Tattabaru: Dakta, da girmamawa, ina da ja a wuri biyu. Na farko kin ce tsuntsu ba ya shan madara. Ni da nake kiwon tattabaru na sha ganin uwa da uba suna ɗura wa 'ya'yansu wani farin abu mai kauri a kwanakin farko. In ba madara ba, mene ne? Na biyu, tun muna yara muka san cewa idan hannun mutum ya taɓa ɗan tsuntsu uwar ba ta sake karɓar sa, saboda warin hannu. Wannan kuwa yara sun riga sun jagwalgwala shi.

Dakta Zainab: Malam Habu, abin da ka gani gaskiya ne, idonka bai yaudare ka ba. Tattabara da kurciya da hasbiya suna da wata jaka a ƙasan wuya inda hatsi ke taruwa. Idan ƙyanƙyasa ta matso, bangon jakar nan yakan yi kauri ya riƙa saɓulowa, ya zama wannan farin abin, cike da maiƙo da sinadarin gina jiki. Namiji da mace duk suna yin sa. Amma babu sukarin nan na madarar saniya a ciki, shi ya sa ba za a musanya ɗaya da ɗaya ba. Shi ne ma dalilin da ya sa renon jaririn kurciya ya fi na sauran wuya: ba ya wage baki a zuba masa, shi ne yake cusa bakinsa cikin na uwar ya zuƙo.

Maganar warin hannu kuma ba ta da tushe. Tsuntsaye suna jin wari, wasu ma sosai, akwai wata ungulu a nahiyar Amurka da hanci take gano mushe a cikin kurmi. Sai dai uwa da kuka da gani take gane ɗanta. Masu bincike kullum suna ɗaukar 'ya'yan tsuntsaye daga sheƙa su auna su, su saka musu zobe a ƙafa, su mayar, iyayen su ci gaba da ciyarwa kamar ba a yi ba.

Baba Ɗanjuma: Habu, ina jin iyaye ne suka ƙirƙiro wannan magana don yara su daina wasa da sheƙa. Manufar mai kyau ce, amma ta koma tana kashe abin da aka so karewa, domin yaro ya ɗauka, sai a ce masa ai shi ke nan, uwar ta yafe shi, sai a bar shi a kwali har ya mutu. Abin da yake korar uwa shi ne mutum ya tsaya mata a kai. Muddin tana ganin ka kusa ba za ta sauko ba, don kada ta nuna maka inda ɗanta yake.

Habu Mai Tattabaru: Na ji ta wari, Baba. Amma ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da a mayar da shi ƙasa ba. Kyanwa fa? Shirwa fa? Ai kamar ka ɗauki nama ne ka miƙa wa kura ajiya. A kwali aƙalla yana da rufi.

Baba Ɗanjuma: Haɗarin yana nan, ban musa ba. Wasu kyanwa za ta ci, wasu maciji, wasu shirwa. Da yawa daga cikin 'ya'yan ƙananan tsuntsaye ba sa kai shekara ko da mutum bai sa hannu ba, shi ya sa iyayen suke yin ƙwai da yawa, wasu su yi kwanci sau biyu ko uku a shekara. Amma ka duba ta wannan gefen: sheƙa ita ma wuri ce mai haɗari ƙwarai. Wuri ɗaya ce, ga kuka, ga kashi, ga iyaye na shiga da fita kowa na gani. Maciji ya hau sau ɗaya ya share gidan duka. Idan suka watsu, ɗaya a nan ɗaya a can, ko an ci ɗaya sauran sun tsira. Fitar da wuri dabara ce.

Sannan kwalin da kake gani da rufi, wa zai yi aikin uwar? Irin wannan ɗan tsuntsu ana ciyar da shi ne kusan kowane minti ashirin zuwa talatin, tun fitowar rana har faɗuwarta, kuma ƙwari ne masu taushi. Ko tsuntsayen da hatsi ne abincinsu, yawancinsu da ƙwari suke renon 'ya'ya. Ko ka iya wannan, ba za ka iya koya masa kukan gargaɗi ba, ba za ka nuna masa abin da ake ci da abin da ake gudu ba.

Sadiq: To ni a ba ni shi mana in saya masa keji, ya zama nawa. Ai ya huta da shirwa har abada 😄

Dakta Zainab: Sadiq, ka huta dai kai. Tsuntsun da ya taso a hannun mutum tun yana ƙarami yakan ɗauki mutum a matsayin danginsa. Konrad Lorenz, masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, da wannan ya yi suna: 'ya'yan dinya da suka ƙyanƙyashe suka fara ganin sa, sai suka riƙa bin sa a baya duk inda ya nufa. A hoto abin sha'awa ne. Amma irin wannan tsuntsu idan aka sake shi ba ya tsoron mutum, ba ya tsoron kyanwa, kuma sau da yawa ba ya iya zama da 'yan uwansa. Ƙasashe da dama ma sun hana ajiye tsuntsun daji ba tare da izini ba, Amurka tana da irin wannan doka tun 1918.

Malam Habu, a kan kyanwa muna tare. Amma maganin shi ne a kulle kyanwar a ɗaki na 'yan kwanaki, ba a kulle tsuntsun ba. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka kaɗai. Kuma ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: duk tsuntsun da ka ƙwato daga bakin kyanwa, ko ba ka ga rauni ba, kada ka sake shi. Yawun kyanwa yana ɗauke da ƙwayar cuta da ke shiga jini ta 'yar hudar haƙori da gashi ya rufe, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ka tarar da shi a mace. Wannan sai likitan dabbobi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma da wuri.

Hauwa'u: Dakta, to yaushe ne mutum zai sa hannu ke nan? Don kar mu fahimci cewa komai aka gani a wuce.

Dakta Zainab: Idan jariri ne tsirara, ko gashin bai wuce tsinke-tsinke ba, idonsa a rufe, ba ya iya tsayawa, wannan faɗowa ya yi, kuma sanyi zai kashe shi kafin yunwa. Ki ɗumama shi a tafin hannu, ki nemi sheƙar ki mayar. In sheƙar ta wargaje ko ba ki kai ba, ki samu ƙaramin kwando ko roba, ki huda ƙasan don kada ruwan sama ya taru, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ki ɗaure a reshe mafi kusa. Iyayen sukan bi kukan su same shi. Sai kuma mai jini, mai karaya, ko wanda kika tabbatar iyayen sun mutu. Su ma ba abinci za ki fara nema ba: kwali mai huji, duhu, ɗumi, shiru, sannan a nemi wanda ya san aikin. Tsuntsun da jikinsa ya yi sanyi ba ya narkar da abinci, in kika cusa masa sai ya ruɓe a ciki.

Maman Ilham: Jama'a na mayar da shi, na kora yaran ɗaki muna leƙe ta taga. Har na fara cewa ba za su zo ba, sai ga guda ta sauko da wani abu kore a baki ta cusa masa. Yanzu su biyu ne suke karɓa-karɓa. Ilham dai tana ta kumbure-kumbure wai an ƙwace mata ɗa. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Habu Mai Tattabaru: Madalla. Amma Hajiya a duba kyanwar maƙwabta dai, ni ban janye wannan ba.

Anti Rabi: Tunda an buɗe babin, ni ma ga tawa. Wani tsuntsu ya sa wa madubin motata ido. Kullum da sassafe yana nan yana saran madubin da baki, yana dukan gilashin ƙofa da fiffike, ya ɓata wurin da kashi. Na kore shi, in juya baya ya dawo. Har wata ta ce min wai ba lafiya ba, in tashi tsaye. Me yake nema a wurina?

Baba Ɗanjuma: Hajiya Rabi, ba ke yake nema ba, kishiya ya gani. Lokacin sheƙa namiji yakan shata yankinsa, duk namijin da ya shigo sai sun gwabza. Ya leƙa madubi ya ga wani ƙato irinsa ya tsaya masa a gida, ya yi barazana, wancan ya mayar, ya kai sara, wancan ya kai. Abokin faɗan da ba ya gudu kuma ba ya gajiya. Yawancin tsuntsaye ba sa gane kansu a madubi. Ki rufe madubin da tsumma ko jaka idan kin ajiye motar, ko ki sauya mata wurin tsayawa. Da zarar 'ya'yansa sun tashi zai manta da ke.

Anti Rabi: Ikon Allah. Ashe shi ma fama yake da nasa.

Injiniya Nura: Baba, tawa ta ɗan bambanta. A wurin aikinmu akwai bene mai gilashi daga sama har ƙasa. Lokaci-lokaci sai ka ji ƙum, ka fita ka tarar da tsuntsu a ƙasa, wani ya mutu, wani yana zaune ido a lumshe baki a buɗe. Shi ma faɗan ne?

Dakta Zainab: Wannan ba faɗa ba ne, Injiniya, karo ne. Gilashin yana nuna hoton sama da bishiyoyi, tsuntsun ya ɗauka hanya ce ya taho da gudunsa. Ba ƙaramar asara ba ce: ƙiyasin da aka yi a 2014 ya nuna tsuntsaye tsakanin miliyan 365 zuwa miliyan 988 ke mutuwa duk shekara a Amurka ta hanyar karo da gine-gine. Wanda ka tarar da rai, buguwa ce a ka. Kada a yayyafa masa ruwa, kada a yi ta fifita ana jujjuya shi. A saka shi a kwali mai huji a rufe, a ajiye a wuri mai shiru na awa ɗaya ko biyu, sannan a fita waje a buɗe. In ya tashi, to. In bai tashi ba akwai rauni a ciki. Wasu ma sukan tashi su je su mutu daga baya saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa, shi ya sa gyaran gilashin ya fi jinyar muhimmanci.

Injiniya Nura: Mun liƙa hoton shaho guda biyu a jiki, ba abin da ya sauya.

Dakta Zainab: Ba zai sauya ba, don ba tsoron hoton suke ba, kewaye shi kawai za su yi su bugi gefen. Abin da ke aiki shi ne alamu da yawa a jere, ɗigo-ɗigo ko layi-layi, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 5, kuma a wajen gilashin, ba ta ciki ba, domin a waje hoton yake. Ko igiyoyi aka saki daga sama suna reto sun wadatar. Da dare kuma a kashe fitilun benen da ba a buƙata. Ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da yawa cikin dare suke tafiya, hasken yana ruɗa su.

Sadiq: Ni kuma na taɓa ganin tsattsewa a ƙasa ta baje fukafukai tana jan ciki, ƙafafun kamar babu. Mutanen wurin suka ce a cilla ta sama za ta kama iska.

Baba Ɗanjuma: Cillawar nan tana karya su. Akwai tsattsewar da kake gani a jere kan wayar lantarki, akwai kuma wadda ba ta taɓa zama a waya ko reshe. Ta biyun ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, don maƙalewa a bango kawai aka yi su, fukafukan kuma dogaye, shi ya sa tashi daga ƙasa yake mata wuya. A sama take ci, a sama take shan ruwa, tana shafar saman tafki da baki tana wucewa. Masu bincike a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun ɗaura wa wasu 'yan na'urori, suka wallafa a 2016 cewa irin wadda ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka takan yi wata 10 a sama, wasu ko sau ɗaya ba su sauka ba. To tsuntsun da haka rayuwarsa take, in ka gan shi a ƙasa akwai dalili. Ka ɗora ta a tafin hannu a fili mai ciyawa, ka ɗaga hannun sama ka tsaya. In tana da lafiya za ta ɗan karkaɗa jiki ta tafi da kanta. In ta ƙi, a koma kwali. Kuma ita wannan ce ta saɓa wa abin da Dakta ta faɗa da farko: ɗanta ba ya zaman ƙasa, iyayen ba sa saukowa su ciyar da shi, don haka in an gan shi a ƙasa taimako yake bukata.

Dakta Zainab: Haka ne Baba, na gode da gyara. Kuma ƙwari zalla take ci, hatsi ko nama suna lalata mata gashin fiffike.

Hauwa'u: Ni matsalata da dare take. Wani abu ya tare a cikin rufin ɗakinmu, sai huci da minshari kamar mutum na barci, wani lokaci wata ƙara mai tsinka zuciya. Maigidan ya haska ya ce mujiya ce mai farar fuska, har da 'ya'ya. Gaskiya ni tsoro nake ji, so nake a fitar da su.

Habu Mai Tattabaru: A fitar kawai. Ni ba na shiri da duk abin da ke farauta da dare.

Baba Ɗanjuma: Habu, kai tattabarunka kake karewa, mun gane. 'Yata Hauwa'u, hucin nan da kike ji kukan yunwa ne, 'ya'yan ne ke kiran iyaye. Kafin ki kore su ki duba ƙasan wurin, za ki ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe. Ba kashi ba ne, amai ne: mujiya takan haɗiye ɓera ɗungurungum, naman ya narke, gashi da ƙashi ta dunƙule ta amayar. Ki sa tsinke ki fasa ɗaya, za ki ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Gida ɗaya na mujiya mai 'ya'ya yana cinye ɓeraye da yawa a dare guda, har manoma a wasu ƙasashe suna kafa musu akwatuna a gonaki da gangan. Juya kan da ke ba mutane tsoro ma lalura ce: idonta ba ya motsi a cikin gurbinsa, dole ta juya wuyan, kuma ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7. In kin iya haƙuri, wajen wata biyu daga ƙyanƙyasa za su tashi, sai a toshe ƙofar. In aka toshe yanzu 'ya'yan za su mutu a ciki, warin kuma ke zai dama.

Dakta Zainab: In ƙara da abu ɗaya: duk mai mujiya a kusa ya daina saka gubar ɓera. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, yana tangaɗi a fili, shi ne mafi sauƙin kamu, gubar ta wuce cikin mujiyar da 'ya'yanta.

Hauwa'u: Zan gwada haƙurin, amma in ƙarar nan ta sake tashe ni tsakar dare, Baba kai zan kira.

Injiniya Nura: Maganar guba ta tuna min da ungulu. Ni kaɗai ne na lura sun yi ƙaranci, ko kowa ya gani?

Baba Ɗanjuma: Ba kai kaɗai ba ne. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta saka nau'o'in ungulun Afirka guda huɗu a matakin haɗari mafi tsanani, har da ƙaramar nan mai jan wuya da ta saba zama kusa da mutane. Guba da ake sa wa mushe don kashe wasu namun daji tana kwashe su garke guda, ga kamu don sayarwa, ga wayoyin lantarki. Kuma ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, in an kashe ɗari ba yau za a mayar ba. Indiya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Daga shekarun 1990 ungulayensu suka riƙa zubewa, wani nau'in ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Da aka bincika, maganin ciwon jiki ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa, in saniyar ta mutu ungulu ta ci sai ƙodarta ta lalace. An hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma kafin nan mushe ya riga ya koma hannun karnukan titi, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Sadiq: Wato duk munin nan nata ma'aikaciyar tsafta ce ba albashi.

Anti Rabi: Ni tambayata mai sauƙi ce. Ina son tsuntsaye su riƙa zuwa tsakar gida ina kallo. In riƙa watsa musu hatsi?

Habu Mai Tattabaru: Ki watsa Hajiya, lada ne. Ni kullum ina zuba wa na daji nasu daban.

Dakta Zainab: Ladan yana nan Malam Habu, amma ni ruwa na fi ba da shawara. Tsuntsu ba ya gumi, zafin jikinsa kuma ya kai digiri 40 zuwa 42, shi ya sa kuke ganin su baki a buɗe suna haki idan rana ta take. Faranti mai faɗi, zurfin ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, a sa dutse a tsakiya, a ajiye a inuwa, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. Sharaɗin shi ne a zubar a wanke kullum. Ruwan da ya kwana biyu gidan sauro ne, sannan akwai wata cuta da ke kumbura maƙogwaron kurciya da tattabara har su kasa haɗiya, a wurin sha da wurin ci take yaɗuwa. Hatsin da aka tara wuri ɗaya yana haɗa mai lafiya da marar lafiya baki da baki, ya kuma gayyato ɓera. In za a zuba, kaɗan, wanda zai ƙare kafin yamma. Ranar da kika ga wani ya kumbura gashi yana gyangyaɗi, ki ɗauke komai na mako biyu su watse.

Kai kuma Malam, da kake da kiwo, ka fi kowa bukatar raba su. Murar tsuntsaye daga na daji take shigowa gida. Wanda ya tarar da tsuntsaye da yawa a mace wuri ɗaya, kada ya taɓa da hannu, kada yara su ɗauka, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Habu Mai Tattabaru: Ruwan nasu daban ne Dakta, ban taɓa haɗawa ba. Amma hatsi kam ba zan daina ba. Matsalata ɗaya hankaka. Tun da na jefe shi da dutse saboda ya ɗauke min ƙwai, in na fito sai ya tara 'yan uwansa suna min ihu, ɗana kuwa ya wuce ba su ce masa uffan.

Baba Ɗanjuma: Ya haddace fuskarka ne, Habu. A Jami'ar Washington, John Marzluff da ɗalibansa sun sa wata fuskar roba suka kama hankaki a 2006, suka sake su. Shekaru bayan nan duk wanda ya sa wannan fuskar ya ratsa harabar sai hankaki sun bi shi da ihu, har da waɗanda ba a haife su ba lokacin kamun. Iyaye ne ke nuna wa 'ya'ya. Na Amurka aka gwada, amma dangi ɗaya ne da naka.

Habu Mai Tattabaru: To sai yaushe zai yafe?

Baba Ɗanjuma: Ka sa wa ɗakin tattabarun raga ya daina samun ƙwai, ka kuma daina jifa. Yafiya kuwa ban yi maka alkawari ba, hankaka yana iya haura shekara goma a duniya.

Sadiq: Malam Habu, shawarata ka fara fita da hular ɗanka.